Taken Ashafa Bahago

Shafi na 12

Jama'a salamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na fiya jan rai. Ido ne ya matsa min kwana biyu, ku yi haƙuri.

Ga wanda yau ya tarar da mu: muna birnin Kano, shekarar 1956. Maharazu malamin makaranta ne, haifaffen zangon Kumasi, bai taɓa taka Kano ba sai bayan rasuwar uwarsa Kulu. Mai masaukinsa ya haɗa shi da Nata'ala, tsohon da yake zagawa da baƙi cikin birni, don ya nuna masa ƙofofi da makaɗan gari. Yau kwana na huɗu.

*

"Nan ce Kabuga."

Nata'ala ya faɗa ba tare da ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ba. Ya jingina sandarsa da ganuwa, ya zauna a kan wani dutse yana murza gwiwarsa ta dama.

"Ta wannan gefen Nasara suka shigo gari. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin. Muka ji ƙarar igwa, uwata ta tura mu ƙuryar ɗaki, ta ce duk wanda ya yi tari..."

Ya tsaya.

Kwana uku ke nan, da ya buɗe baki sai Maharazu ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu ya hau rubutu. Yau littafin bai fito ba.

"Malam, ba ka rubutawa?"

"Na gaji da rubutu, Baba."

"To ai ni ma na gaji da surutu. Mu huta. Ranar bazara ba a yi mata gaggawa."

Maharazu bai zauna ba. Ya tsaya a rana yana kallon jakai masu itace suna shiga ƙofar ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ƙofa nawa ka nuna min?"

"Ban ƙirga ba."

"Ka kai ni Dala, muka hau har sama kana haki. Ka kai ni Kurmi. Ka kai ni karofi na ga masu rini. Ƙofofi kuwa har wadda akuya kaɗai ke bi ka nuna min. Ɗan Agundi fa?"

"Ƙofa ce kamar sauran. Ƙasa ce da azara."

"Shekaranjiya mun zo dab da ita ka ce la'asar ta yi. Jiya ka ce gwiwa."

"Gwiwar ƙarya ce? Ga ta nan, zo ka taɓa ka ji yadda ta kumbura."

"Ban ce ƙarya ce ba."

Ya matso cikin inuwa, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Mai kukumar nan na Kurmi. Ya yi mana kiɗa muna ta dariya. Na ce masa akwai wani sauti da uwata take yi da hanci in tana daka, ko ya san shi. Na yi masa. Ya ajiye kukumarsa ya zuba maka ido."

Nata'ala ya ci gaba da murza gwiwa.

"Mai garaya na gindin Dala ya ce bai taɓa ji ba. Amma kafin ya rufe baki yatsunsa sun bi sautin a kan tsarkiya. Jiya a mahauta, mai kalangu ya miƙe ya bar mana wurin, ko sallama."

"Makaɗa haka suke. Ba a gane musu."

"Ai kai ma makaɗi ne."

Hannun Nata'ala ya tsaya cak a kan gwiwar.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. In ana kiɗa, hannunka na hagu yana matse haƙarƙarinka, yatsun suna jan tsarkiyar da babu ita. Kwana uku ina kallonka."

"Malam Maharazu, mai masaukinka ya ce in nuna maka gari. Na nuna maka. Sauran ba ya cikin aikina."

"Shi ke nan."

Ya miƙe ya kaɗe wandonsa.

"In na bi gindin ganuwar nan zan tarar da ita ko?"

"Da nisa. Za ka sha rana."

"Daga Kumasi na taho, Baba."

Ya kama hanya.

Nata'ala ya zauna yana kallon bayansa. Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama tashi, tafiyar kamar mai shirin ture wani abu. Ya rufe ido, ya buɗe. Ya ce innalillahi a hankali, ya lalubo sandarsa.

*

Sun fi sa'a guda suna tafe. Maharazu a gaba, tsohon a baya yana jan ƙafa. Babu mai yi wa wani magana, sai dai bakin Nata'ala da ya saba da aikinsa yakan kuɓuce masa.

"Wannan kududdufin, daga nan aka haƙi ƙasar da aka..."

Sai ya tuna ba mai saurare, ya yi shiru.

Sau biyu Maharazu yana tsayawa kamar mai gyara takalmi, har sai ya ji ƙarar sandar ta matso, sannan ya ci gaba.

Da suka isa Ɗan Agundi rana ta take tsaka. Nata'ala ne ya wuce gaba a nan. Ya fita ta ƙofar, ya ratsa ta dama, ya tsaya a bakin wani fili da aka yi wa sharar gona ana jiran ruwa. Wata kuka ce kaɗai a tsaye a gefe.

Ya zube a gindinta. Sai da numfashinsa ya dawo sannan ya ce,

"Yi min shi."

"Me?"

"Sautin. Amma a hankali."

Maharazu ya rufe baki ya yi shi da hanci, kamar yadda ya ji shi tun yana goye. Gajere ne. Ya hau, ya sauka, ya sake hawa ya tsaya.

"Ka ci wani wuri," in ji Nata'ala. "A tsakiya akwai bugu biyu, ita ma ta manta da su ke nan. Ba waƙa ba ce, Malam. Take ne. Ka san take?"

"Kiɗan da ake yi wa mutum shi kaɗai."

"Kiɗan da in mai shi ya ji, ko yana cin abinci zai cire hannu. Kalangu magana yake yi. Abin da wannan yake cewa shi ne: Bahagon Kulu, ƙasa ba wurin kwananka ba."

Maharazu ya dube shi.

"Kulu?"

"Uwarka. Sunanta take ji a ciki, shi ya sa ta riƙe shi."

"Bahagon fa?"

"Me ta gaya maka game da ubanka?"

"Sunansa Ashafa. Mahauci ne. An kashe shi a Kano kafin a haife ni. In na ƙara tambaya sai ta tashi ta shiga ɗaki."

"Ba ta ce maka ɗan dambe ne ba?"

"A'a."

Nata'ala ya gyaɗa kai ya nuna filin da sanda.

"Nan ne fagen. Daga kukar nan zuwa wancan tudun. In kaka ta yi, mahauta suna fitowa nan da yamma. Ubanka shekara shida ba wanda ya kai shi ƙasa. Da hagu yake naɗe zare, mutum yana tsaron dama sai ya ji ta inda bai zata ba. Ni ne makaɗinsa. Unguwarmu ɗaya, tare aka yi mana kaciya. Taken nan ni na ƙirƙira shi, ranar da aka kai uwarka ɗakinsa."

Maharazu ya zauna a ƙasa, bai ko duba inda ya zauna ba.

"Tun yaushe ka san ni ɗansa ne?"

"Tun ranar da ka fito daga zauren mai masaukinka. Kafin ka yi sallama. Tafiyar ubanka kake yi sak."

"Shi ma mai masaukin ya sani?"

"Ka gaya masa sunan uwarka da na kakanka. Akwai masu zagawa da baƙi da suka fi ni ƙafa, amma ni ya aiko a kira."

"Wa ya kashe shi?"

"Bari in kai ka a hankali."

"Kwana huɗu kana kai ni a hankali. Wa ya kashe shi?"

Nata'ala ya kalli tafin hannunsa.

"Wanda ya yi naushin sunansa Ɗantani, baƙo ne daga yamma. Ya rasu tuntuni, kuma ba shi da laifi. Dambe ya zo yi, dambe ya yi."

"To wa ke da laifi?"

"Ubanka ya bar dambe wata uku kafin ranar. Akwai wani bugu da ya sha a nan, bayan kunne. Bai faɗi ba, amma tun daga nan kansa yake ciwo. Ya same ni a gida ya ce, Nata'ala, idona yana ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Ya ce Kulu ta samu ciki, ta sa ni na rantse na daina. Ya ce kar ka ƙara kaɗa min. Ni kaɗai ya gaya wa maganar idon. Ko ita ba ta sani ba."

Iska mai zafi ta taso ta wuce. Ya goge bakinsa da hannun riga.

"Ranar nan Ɗantani ya kayar da mutum huɗu a jere. Makaɗinsa yana zagaya fage yana cewa a Kano sai dai a sayi turmin atamfa, maza kam babu. Ina tsaye a nan, daidai inda kake zaune. Na hango ubanka can bayan mutane, da tiren nama a ka. Talla ya fito, ba kallo ba."

"Sai ka kaɗa."

"Sai na kaɗa."

"Ya shigo?"

"Ya girgiza min kai. Na ƙara. Ya sake girgizawa. Mutane suka fara waiwaye, suka buɗe masa hanya, ana kiran sunansa. Na uku ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne. Ya sauke tiren a ƙasa, ya miƙa hannu aka naɗa masa zare."

Nata'ala ya nuna tsakiyar filin da sanda.

"Turmin farko, wato karon farko, ya yi kyau. Na biyu na ga ya kai naushi gefen Ɗantani, inda ba kowa. Na gane wanda ba shi ba yake gani. A lokacin da na ajiye kalangun, da an raba. Ban ajiye ba. Ɗantani ya same shi a wurin nan dai, bayan kunne."

"Don me?" in ji Maharazu. "Don an zagi Kano?"

"Haka nake gaya wa mutane. Shekara talatin da biyu haka nake faɗa, har wasu suna cewa kishin gari ne, Allah ya yafe."

Ya ɗago.

"Kai ba zan gaya maka haka ba. Kano ba ta dame ni ba ranar. Taken ne. Duk abin da hannuna ya taɓa yi, ba wanda ya kai shi. Wata uku ban kaɗa shi ba, har mafarkinsa nake yi. Na ga taro ya cika, na ga mai shi a tsaye, na ce bari in ji shi sau ɗaya. Shi ke nan dalilin. Ba wani."

Can nesa wata mata ta wuce da tulu a ka. Suka bi ta da ido su biyun har ta shige ƙofa.

Maharazu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Tun da muka binne ta nake shirya abin da zan yi wa wanda ya kashe shi. A jirgin ruwa zuwa Ikko na shirya. A jirgin ƙasa na shirya. Na ɗauka zan tarar da wani ƙato mai wuƙa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ga ka nan, ko miƙewa ba ka iyawa sai da sanda."

"Sandar ga ta nan in kana so. Ba zan kare ba."

"Me zan yi da ita?"

Ya mayar da hularsa.

"Tashi ka kai ni kabarinsa. In yi masa addu'a in koma inda na fito. Sauran ƙofofin ka riƙe abinka."

Nata'ala bai motsa ba.

"Baba, na ce ka kai ni kabarinsa."

"Ba shi da kabari."

"Kamar yaya? Ba a binne shi ba?"

"Maimaita min abin da uwarka ta ce. Yadda ta faɗa."

"An kashe shi a Kano."

"Ta taɓa cewa ya rasu?"

Nata'ala ya ƙara tambaya,

"Ta taɓa ce masa marigayi? Ta taɓa yin sadaka da sunansa?"

"...A'a."

"A bakin 'yan dambe, in mutum ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Ko ya tashi ya kaɗe jikinsa ya tafi gida, an kashe shi. Matar ɗan dambe ce. Ba ta yi maka ƙarya ba."

Maharazu ya miƙe tsaye. Ya koma ya zauna. Ya sake miƙewa.

"Yana da rai?"

"Da safen nan ni na ba shi koko kafin in fito wurinka."

"Kai ka..."

"Kwana tara yana kwance bai san inda yake ba. Ya farka, ya ci, ya sha, ƙarfinsa ya dawo. Amma bai gane kowa ba. Uwarka tana durƙushe a gabansa da cikinta, shi yana leƙen bayanta kamar mai jiran wani ya shigo. Wata biyu tana jinya. Rannan aka yi biki a maƙwabta, aka buga kalangu, ya zabura ya kai hannu. Ita ce a kusa. Allah ya tsare cikin. Washegari kakanka ya zo ya ɗauke ta, da zai koma fataucin goronsa ya tafi da ita."

"Shi kuma?"

"Uwarsa ta riƙe shi shekara biyu ta rasu. 'Yan'uwansa suka gaji, suka sa masa mari a ƙafa suka rufe shi a ɗakin ajiye fatu. Na je na gani. Na dawo gida na yanka tsarkiyar kalanguna, na koma na ce su ba ni shi. Ba su ko tambaye ni ina zan kai shi ba."

"Kwana huɗu!" Maharazu ya daka tsawa har tsuntsayen kan kukar suka tashi. "Kwana huɗu kana nuna min rijiya da katanga! Kana gaya min wane sarki ne ya gina me! Ubana yana cikin garin nan yana shan koko!"

"Kullum in na fito ina cewa yau zan faɗa. In na gan ka sai in ce bari mu hau Dala tukuna."

"Shekara talatin da biyu ba ka iya aika ko saƙo ba?"

"Na aika. Sau biyu, ta hannun fataken goro. Na farko shiru. Na biyu suka dawo suka ce kakanka ya ce Kulu ta yi aure ta hayayyafa, kar in ƙara tayar musu da hankali."

"Ba ta yi aure ba."

Nata'ala ya ɗago da sauri.

"Ba ta yi ba. Har ta mutu. Ni kaɗai ta haifa. Waina take soyawa a bakin zango, da ita ta sa ni makaranta. Manema sun zo har sun gaji."

Tsohon ya daɗe bakinsa a buɗe. Sannan ya sunkuyar da kai, ya dafa goshinsa a kan sandar. Kafaɗunsa suna rawa, amma ba sauti.

Maharazu ya juya masa baya. Ya yi tafiya har tsakiyar filin, ya tsaya a rana yana kallon ƙasa, kamar zai ga wani abu a wurin. Ba komai sai tushiyar karan bara.

Ya dawo. Ya miƙa hannu.

"Tashi."

Nata'ala ya kama hannun. Sai da aka ja shi sau biyu sannan ya miƙe.

*

Ana kiran la'asar suka shiga Kabara. Lungu ne siriri, dole ɗaya ya bi bayan ɗaya.

"Da a unguwar mahauta nake," in ji Nata'ala ba tare da ya waiwayo ba. "Can kullum kalangu. Na sayar da gidan gado na dawo cikin malamai. Nan sai bandiri in suna zikiri, shi kuma bandiri ba ya tayar masa da hankali. Har gyangyaɗi yake yi."

"Yana duka har yanzu?"

"Ya fi shekara ashirin bai ɗaga wa kowa hannu ba. Igiya yake tufkawa. Ka ba shi kaba ya wuni yana yi. Duk igiyar gugan unguwar nan tasa ce."

Suka tsaya a ƙofar wani ƙaramin gida. Nata'ala ya yi sallama, wata tsohuwa ta amsa daga ciki, ta leƙo zaure tana goge hannu da gefen zani. Jummai ce, matarsa.

Ta kalli mijinta. Ta kalli baƙon tun daga hula har takalmi.

"Ka gaya masa ke nan," ta ce.

"Na gaya masa."

"Da ka bari sai yaushe? Ni na ce in yau ma ka dawo ba ka faɗa ba, gobe zan yafa mayafina in je masaukin da kaina." Ta juyo ga Maharazu, muryarta ta sauka. "Sannu ɗan nan. Sannu da hanya. Ina Kulu?"

"Ta rasu bara, Inna."

"Allahu akbar." Ta dafa bango. "Tare muke zuwa rijiya. Allah ya jiƙanta. Shigo, gidanku ne. Ya yi wanka, yana ɗakinsa."

Suka ratsa tsakar gida. Akwai wani ɗaki shi kaɗai a ƙarshe, an saki asabari a ƙofarsa. Daga ciki ana jin ƙarar kaba, shaf, shaf, ba tsayawa.

Maharazu ya kai hannu zai ɗaga asabarin. Nata'ala ya riƙe masa hannun riga.

"Dakata. Akwai abu ɗaya."

"Har yanzu da saura?"

"Wannan ne na ƙarshe. Ba ya hira. Amma duk wanda ya shiga ɗakin nan sai ya yi masa tambaya. Guda ɗaya ce, ba ta canzawa. Ni yana yi min ita da safe, yana yi min da yamma."

"Me kake ce masa?"

"Tukuna. Kullum tukuna nake cewa. Sai ya ce to, ya koma kan igiyarsa." Ya saki rigar. "Ban da wata amsa da ta wuce wannan. Yau kai ne za ka amsa, ni na gaji."

Ya ja da baya ya zauna a kan turmin Jummai, ya ajiye sandar a ƙasa.

Maharazu ya cire takalmi. Ya ɗaga asabarin ya sunkuya ya shiga.

Sai da idonsa ya saba da duhun ɗakin sannan ya gan shi. Wani dogon tsoho a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiya a babban yatsa. Kansa fari fat. Wuyansa har yanzu kauri gare shi. A idon sawunsa akwai tabo zagaye, baƙi, ya daɗe da warkewa.

"Salamu alaikum," in ji Maharazu.

Hannun tsohon ya tsaya. Ya ɗago ya dube shi, kallon da ake yi wa wanda aka aika ya daɗe bai dawo ba. Ya matso gaba kaɗan, fuskarsa ta cika da ɗoki.

"Yauwa," ya ce. "Daga gida kake?"

Maharazu ya durƙusa.

"Daga gida nake."

Tsohon ya ajiye igiyar, ya rage murya kamar mai jin kunyar a ji shi a tsakar gida.

"Kulu ta haihu?"